Ina Iyakar Marathi? Muhawarar Harshe da Karin Harshe a Yammacin Indiya

Manomin auduga a gundumar Akola ko Amravati, cikin yankin Vidarbha da ke gabashin jihar Maharashtra ta ƙasar Indiya, idan zai ce "mini" ko "gare ni", "male" yake cewa. Malamin makaranta a birnin Pune "mala" zai ce, kuma ita ce ake rubutawa a littafi. Masuncin da ke gaɓar teku a garin Malvan, can kudancin jihar, yana cewa "maka", maƙwabcinsa da ke tsallaken iyaka a jihar Goa kuma yana cewa "mhaka". Duk wanda aka jera wa waɗannan kalmomi huɗu ya san tsatsonsu ɗaya, amma matsayinsu a idon hukuma ya sha bamban ƙwarai. Maganar mutumin Pune ita ce daidaitaccen Marathi, babban harshen jihar Maharashtra. Ta mutumin Goa, wato Konkani, kundin tsarin mulkin Indiya ya ambace ta da suna a matsayin harshe mai zaman kansa. Ta masuncin Malvan har yau ana ja-in-ja a kanta. Ta manomin Akola kuwa, wadda ake kira Varhadi, karin harshen Marathi ce a wurin makaranta da akasarin masu yin ta, alhali jerin lambobin harsunan duniya na ISO 639-3 ya haɗa ta da maganar Nagpur, babban birnin Vidarbha, ya ware musu lamba dabam da ta Marathi.

Mutanen yankin suna da kalmomi biyu da duk muhawarar ke juyawa a kansu. Akwai "bhasha", wato harshe, akwai kuma "boli", wato karin harshe. Ta biyun daga aikatau na yin magana ta fito, saboda haka tana ɗauke da ma'anar abin da ake furtawa da baki a gida da kasuwa, wanda ba a ɗauka ya cancanci alƙalami ba. Idan aka ce wa mutum abin da uwarsa ta yi masa tawai da shi "boli" ne, ba bayanin nahawu kaɗai yake ji ba, yana jin an nuna masa inda zai zauna a cikin taro. Wannan ne ya sa batun da ya yi kama da gardamar malaman jami'a ya taɓa kai mutane rumfar zaɓe, har ya jawo asarar rayuka.

Marathi babban harshe ne. Ƙidayar jama'a ta 2011 ta nuna mutum kimanin miliyan 83 ne suka ambace shi a matsayin harshen uwa, wanda ya sa shi na uku a Indiya bayan Hindi da Bengali. Abin da ake kira "pramaan bhasha", daidaitaccen harshe, an gina shi ne a kan maganar masu ilimin Pune, waɗanda galibinsu 'yan ajin Brahman ne, wato ajin malaman addinin Hindu. Dalilin haka a tarihi yake. Pune ce mazaunin Peshwa, waziran da suka riƙe daular Maratha a ƙarni na 18, kuma bayan Turawan Ingila sun karya mulkinsu a 1818, da suka buƙaci ƙamus da littattafan makaranta, wurin malaman Brahman suka nufa. Ƙamus ɗin Marathi da Ingilishi na James Molesworth ya fito a 1831, abokin aikinsa Thomas Candy kuma ya daɗe yana kula da littattafan karatu daga Pune. Abin da injin ɗab'i ya buga shi ya zama daidai. Daga nan aka sami kalmomin da suka fi kowanne zafi a wannan batu, "shuddh" da "ashuddh", tsarkakakke da gurɓatacce. A daidaitaccen furuci, kalmar ruwa, "pani", ana naɗe harshe zuwa ganɗa wajen furta harafin "n" ɗinta, yaron ƙauyen da ya furta ta da "n" na yau da kullum kuwa yakan sha dariya a aji. Ashe ma'aunin da ake auna sauran da shi, shi kansa karin harshen gari ɗaya ne da aji ɗaya, wanda mulki da ɗab'i suka ɗaukaka.

Ma'auni na farko da kowa ke kawowa shi ne fahimtar juna: idan mutum biyu suka gane maganar juna ba tare da koyo ba, harshensu ɗaya. Wannan ma'auni yana aiki tsakanin Marathi da Tamil, waɗanda ba dangin juna ba ne, amma yana rasa ƙarfi a daidai wurin da ake buƙatarsa. Harsunan arewa da yammacin Indiya kamar sarƙa suke, kowane ƙauye yana fahimtar na kusa da shi, bambanci yana taruwa kaɗan-kaɗan har a wayi gari na wannan bakin bai jin na wancan bakin, ba tare da an sami wani kogi da za a nuna a ce nan ne harshe ya sauya ba. Ga kuma matsala ta biyu, wadda na ga ta fi muhimmanci: fahimtar takan zama ta gefe ɗaya. Mutumin Akola ko Dhule ya yi shekaru yana jin daidaitaccen Marathi a makaranta da rediyo da talabijin, don haka yana gane mutumin Pune sarai. Mutumin Pune bai taɓa zama dole ya saurari nasu ba. Idan aka gwada su, sakamakon zai fi nuna wanda aka tilasta wa koyon maganar wani fiye da nisan da ke tsakanin maganganun biyu.

Masanin nan Bajamushe Heinz Kloss ya raba al'amarin gida biyu, kuma rabon nasa yana da amfani a nan. Akwai harshen da ya zama harshe saboda tazara, wato ƙirarsa da nahawunsa sun yi nisa da na maƙwabtansa. Akwai kuma wanda ya zama harshe saboda raino, wato masu shi sun daidaita rubutunsa, sun yi masa ƙamus da adabi da jarida, sun shigar da shi kotu da makaranta, ko da kuwa yana kusa da wani. A kan wannan ake ƙara tambaya ta uku: wane rubutaccen harshe ne mutane suke fakewa a rumfarsa idan za su rubuta wasiƙa ko su cika takardar gwamnati? Tambayoyin uku ba lallai su ba da amsa ɗaya ba, kuma yawancin rigimar da ake yi ta samo asali ne daga amsa ɗaya daga cikinsu da hujjar ɗaya.

Idan aka ɗora Varhadi a kan wannan sikeli, abin da ya bambanta shi a fili yake. Harafin "l" mai naɗe harshe na daidaitaccen Marathi yakan koma "y", ta yadda "dola", ido, ke zama "doya". Ɗafin "-la" yakan zama "-le". Wajen nuna aikin da ake cikin yi, mutumin Vidarbha yakan ce "mi karun rahilo", ina cikin yi, ginin da ya yi kama da na Hindi. Wannan kamanni bai rasa dalili ba, domin ƙasar Berar, wato yankin Akola da Amravati, wadda sunan Varhadi ya fito daga sunanta na gida, ta kasance ƙarƙashin Nizam, sarkin Hyderabad, Turawa suka karɓi gudanar da ita a 1853, suka haɗa ta da Lardunan Tsakiya a 1903, inda ta zauna tare da masu jin Hindi, hedikwata tana Nagpur, har zuwa 1956. Duk da haka ƙashin bayan nahawun na Marathi ne, kuma bambance-bambancen na bin ƙa'idar da kunne ke kamawa cikin 'yan kwanaki. Hukumar da ke riƙe da lambobin ISO 639-3, wato SIL International, aikinta ya taso ne daga fassarar Littafi Mai Tsarki da koyar da karatu, shi ya sa jerinta ya fi karkata ga rarrabewa, tunda abin da ke gabanta shi ne ko wata al'umma tana buƙatar rubuce-rubuce na kanta. Lamba a cikin irin wannan jeri kayan aiki ce ta ma'adana littattafai da kwamfuta, bai kamata a ɗauke ta hukunci ba.

Abin da ya fi gamsar da ni game da Varhadi shi ne halin masu shi. Vidarbha ta daɗe tana da masu neman a ba ta jiharta, har kwamitin sake fasalin jihohi ya ba da shawarar haka a 1955, amma hujjarsu ta rabon arziki ce da ruwan noma da bashin manoma, ba su dogara da cewa harshensu dabam ne ba. Hasali ma abin alfaharinsu shi ne cewa Lilacharitra, tarihin rayuwar jagoran addini Chakradhar da mabiyinsa Mhaimbhat ya tattara a ƙarshen ƙarni na 13, wanda ake lissafawa cikin mafi daɗewar zube a Marathi, yana da alaƙa ta ƙut da ƙut da garin Ridhpur na gundumar Amravati. Mutumin da ke cewa shi ne tushen gida ba ficewa daga gidan yake nema ba. A ganina Varhadi karin harshen Marathi ne, kuma faɗin haka bai rage masa komai ba.

Ahirani labarinsa akasin wannan ne. Ana yin sa a ƙasar Khandesh, kwarin kogin Tapi, wato gundumomin Dhule da Jalgaon da Nandurbar da wani sashe na Nashik, kuma ana danganta sunansa da Ahir, wata al'umma ta makiyaya. Mutane da yawa a Maharashtra suna lissafa shi cikin kare-karen Marathi ba tare da wani tunani ba, domin masu shi da Marathi suke karatu da rubutu. Amma nahawun yana faɗin wani abu dabam. Inda Marathi ke cewa "ahe", wato "ne" ko "akwai", Ahirani "she" yake cewa, wanda ya fi kusa da "chhe" na Gujarati. Ɗafin mallaka a Marathi "-cha" ne da 'yan uwansa, a Ahirani kuwa "-na" ne da "-ni", kamar dai a Gujarati. Irin waɗannan ƙananan kalmomi na cikin ƙashin harshe ba a cika aron su kamar yadda ake aron sunan kayan kasuwa ba, shi ya sa masana ke ba su nauyi. George Grierson, wanda ya jagoranci babban binciken harsunan Indiya da aka buga tsakanin 1903 da 1928, bai sa Khandeshi a kundin Marathi ba, wannan harshe na Khandesh da ya ƙunshi Ahirani tare da harsunan ƙabilar Bhil ya haɗa shi. Ƙidayar 2011 ma ta lissafa Khandeshi a matsayin harshe dabam mai mutum fiye da miliyan 1.8, kimanin miliyan 1.6 daga cikinsu Ahirani suka ambata. Ga tazara nan, amma rumfar ta Marathi ce. Waƙoƙin Bahinabai Chaudhari, manomiyar yankin Jalgaon da ta rayu daga 1880 zuwa 1951 ba ta iya rubutu ba, ɗanta Sopandev ne ya rubuta su, aka buga bayan rasuwarta, kuma a darasin adabin Marathi yara ke haddace su. Har yau wasu na cewa da Ahirani ta yi su, wasu na cewa da karin al'ummar Leva ne, wanda ke nuna ko a cikin Khandesh ɗin iyakokin ba a shace suke ba.

Ya kamata a san yadda ƙidayar take samar da alƙalumanta, domin da su kowane ɓangare ke kafa hujja. Ma'aikaci yana rubuta duk sunan da mutum ya faɗa a matsayin harshen uwarsa. A 2011 an tattara sunaye 19,569, jami'ai suka tace su zuwa 1,369, sannan suka cusa su ƙarƙashin harsuna 121, duk wanda masu shi ba su kai dubu 10 ba kuma aka jefa shi cikin "sauransu". A wurin tacewar nan ake yanke hukuncin da ba wanda ya yi muhawara a kansa, kuma ta haka ne Bhojpuri, mai mutum fiye da miliyan 50, yake zaune a ƙarƙashin Hindi. Kafin ma a kai ga jami'i, mai amsa tambaya ya riga ya yi nasa zaɓin, domin wanda aka raina maganarsa tun yana yaro zai fi son ya faɗi sunan harshen makaranta.

Konkani shi ne misalin da aka kai ruwa rana a kansa, kuma duk mai neman matsayi ga Ahirani ko waninsa nan yake dubawa. Turawan Fotugal sun kama Goa a 1510, suka riƙe ta shekara 451. Tun a ƙarni na 17 ana ganin rabon aiki tsakanin harsunan biyu a wurin: limamin Kirista ɗan Ingila Thomas Stephens ya rubuta doguwar waƙarsa ta addini da Marathi, aka buga a 1616, sannan ya rubuta nahawun maganar mutanen gari, wanda aka buga a 1640. A 1684 gwamnatin mulkin mallaka ta fitar da dokar hana amfani da harshen ƙasa. Sakamakon ƙarnukan nan shi ne manyan Kiristoci suka riƙi Fotugis, mabiya addinin Hindu suka riƙi Marathi don ibada da karatu, Konkani ya zama na ɗaki da kasuwa da coci. Da Grierson ya zo, sai ya sa shi cikin kare-karen Marathi. Akwai ruɗanin suna da ya taimaka wa wannan, domin Konkan sunan dukan gaɓar teku ne, kuma mutanen arewacin gaɓar da ke yin Marathi irin nasu su ma sukan kira maganarsu Konkani.

Hujjar nahawu tana gefen Goa. Mai Konkani "hanv" yake cewa a wurin "ni", mai Marathi kuwa "mi". Sunayen jinsin namiji da ke ƙarewa da "-a" a Marathi da "-o" suke ƙarewa a Konkani, doki "ghoda" ne a can, "ghodo" a nan. Ruwa "udok" ne, kuma wasula 'yan hanci sun cika harshen. Marubuci Shenoi Goembab, wanda ya rasu a 1946, ya ƙarar da rayuwarsa yana nuna wa 'yan uwansa cewa abin da suke jin kunyarsa harshe ne, masani S. M. Katre kuma ya bi tarihin sautuka da ƙirar kalmomi ya nuna Konkani ɗan uwan Marathi ne da ya bi tasa hanya. A ɗaya gefen akwai masana na gaske irin su A. K. Priolkar, shi ma ɗan Goa, da suka tsaya a kan cewa karin Marathi ne.

Amma ba a ɗakin karatu aka raba gardamar ba. Indiya ta shata jihohinta bisa harshe a 1956, aka kafa Maharashtra a ranar 1 ga Mayu 1960 domin masu jin Marathi, sojojin Indiya kuma suka karɓe Goa a Disamba 1961. Lissafin a sarari yake: idan Konkani "boli" ne na Marathi, to Goa yanki ce ta Maharashtra. Jam'iyyar da ta kafa gwamnatin farko a Goa, ƙarƙashin Dayanand Bandodkar, haɗewa take so. A ranar 16 ga Janairu 1967 aka yi ƙuri'ar raba gardama, alamar masu son haɗewa fure, ta masu ƙi ganye biyu, kuma kimanin kashi 54 cikin ɗari suka zaɓi ganye biyu. Irin wannan lissafi ya shiga rikicin iyaka da jihar Karnataka, inda Maharashtra ta nemi yankin Karwar bisa hujjar cewa masu Konkani na wurin masu Marathi ne. Sauran matakan sun biyo a hankali. Sahitya Akademi, hukumar adabi ta ƙasa, ta amince da Konkani a matsayin harshe mai zaman kansa a 1975. Bayan zanga-zangar 1986 da aka yi asarar rayuka a cikinta, majalisar Goa ta mai da shi harshen hukuma a Fabrairu 1987, tare da barin ƙofa a buɗe ga amfani da Marathi, Goa ta zama cikakkiyar jiha a watan Mayu na shekarar, sannan a 1992 aka shigar da shi Jadawali na Takwas na kundin tsarin mulki, wato jerin harsunan da ƙasa ta amince da su, tare da Manipuri da Nepali. Nahawun bai sauya ba tsakanin zamanin Grierson da 1992. Mutane ne suka sami iyaka da majalisa da ƙuri'a.

Malvani ya nuna ɗaya fuskar wannan gaskiya. Gundumar Sindhudurg tana manne da Goa, kuma "maka" da "tuka", wato "gare ni" da "gare ka", na mutanenta na gidan Konkani ne, har ƙidaya ma a ƙarƙashin Konkani take ajiye sunan Malvani. Amma iyakar Fotugal ba ta haɗa da su ba, makarantarsu da jaridarsu da siyasarsu duk na Maharashtra ne, don haka mafi yawansu Marathi suke faɗa wa mai ƙidaya. Ba na ganin masani yana da ikon ce musu sun yi kuskure game da ko su wane ne, kamar yadda su ma ba za su iya sauya asalin ɗafin "-ka" da ƙuri'a ba.

Abin da ake nema a bayan suna ba ƙarami ba ne. Harshen da ke cikin jadawalin nan, wanda yanzu ya ƙunshi harsuna 22, ana iya rubuta jarabawar shiga manyan ayyukan gwamnatin tarayya da shi, kuma Konkani yana cikin harsunan da ake bugawa a bayan takardar kuɗin rupi. Sashe na 350A na kundin tsarin mulki ya ɗora wa jihohi nauyin koyar da yaran tsirarun al'ummun harshe da harshen uwarsu a firamare, manufar ilimi ta 2020 ma ta ƙarfafa koyarwa da harshen gida. Yaron da aka ce maganarsa karin harshe ce ana ɗauka an riga an biya masa wannan haƙƙi, tunda ga Marathi nan a allo, alhali ɗan Dhule da ya shiga aji ɗaya yana cewa "she" sabon nahawu ake koya masa ba tare da an yarda cewa sabo ne ba. A nan nake ganin Ahirani yana da ƙara mai ƙarfi, kuma ya cancanci a kira shi harshe a yi masa littattafan farko. Masu tsoron kada ware shi ya rage yawan masu Marathi suna da abin dubawa, domin yawa yana da nauyi a siyasar Indiya, amma harshen da gwamnatin tarayya ta ba matsayin daɗaɗɗen harshen adabi a Oktoba 2024 ya fi ƙarfin ya girgiza saboda an koya wa ɗan shekara shida karatu da maganar gidansu. Ɗan Akola kuma ba sabon suna yake buƙata ba, yana buƙatar malamin da zai koya masa "mala" ba tare da ya kira "male" gurɓatacce ba.

Samun sunan harshe ma bai kashe tambayar ba, ya dai mayar da ita cikin gida. Konkani, da ƙidayar 2011 ta ba mutum fiye da miliyan 2.2, ana rubuta shi da baƙaƙen Devanagari da na Rumawa da na Kannada da na Malayalam, wasu Musulmin gaɓar teku kuma da na Larabci. Dokar Goa ta 1987 Konkani na Devanagari kaɗai ta ambata, kuma daidaitaccen salon da ake koyarwa ya fi jingina da karin Antruz na yankin Ponda. Kiristocin Goa da suka fito da yawansu a 1967 da 1986, waɗanda littattafan addu'arsu da wasan kwaikwayonsu da baƙaƙen Rumawa suke, har yanzu suna neman a sa rubutunsu cikin dokar, masu rubutu da baƙaƙen Kannada a birnin Mangaluru na jihar Karnataka su ma suna ƙorafin cewa lambar yabon adabi ta ƙasa ba ta duba littattafansu sai an juya su zuwa Devanagari.